Sikila Ba Ta Ƙare a Takardar Jinotayif Ba

A makarantar nan tamu da wuya ka tare ɗalibi ka tambaye shi AA da AS da SS ya yi maka shiru. Ko ɗan Akanta da bai taɓa leƙa lab ba ya haddace cewa AS ba ta auren AS. Samari ma sun mayar da ita tambayar farko a wajen zance, tun ba a kai ga sanin sunan mahaifin yarinya ba. Wannan ci gaba ne, ba na musu. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jinotayif, kuma ina cikin masu goyon bayanta.

Damuwata ita ce, hirar sikila a bakinmu nan take farawa, nan take ƙarewa. Mun ɗauke ta kamar lissafin da aka gama warwarewa aka ja layi biyu a ƙarƙashin amsa: kar ka auri wance, shi ke nan. To, wanda aka riga aka haifa da ita fa? Yana nan tare da mu a ɗakin lakca, yana hostel, yana bin layin biyan kuɗin makaranta cikin rana kamar kowa. Takardar jinotayif ba ta da sauran abin da za ta faɗa masa. Shi amsar wasu tambayoyi yake jira, waɗanda har yau manyan masana na duniya ba su gama amsawa ba. Ra'ayina shi ne, ba za a amsa su yadda za su amfane mu ba sai an yi aikin a ƙasar nan, kuma wani ɓangare na aikin namu ne, mu 'yan foli.

Abin da aka riga aka sani

Ciwon ya daɗe a Afirka tun kaka da kakanni. Mu muna ce masa amosanin jini. A da idan 'ya'yan mace suna rasuwa ɗaya bayan ɗaya tun suna ƙanana sai a ce wabi take yi, kuma ina kyautata zaton sikila na da kasonta a cikin waɗannan mace-mace. Amma a littattafan likitancin zamani, labarin ya fara ne da ɗalibi irinmu. Walter Clement Noel, ɗan tsibirin Giranada, ya je birnin Shikago na Amurka koyon aikin likitan haƙori. A 1904 ya kwanta asibiti, wani matashin likita mai suna Ernest Irons ya duba jininsa a madubin likita, ya ga jajayen ƙwayoyin jinin sun lanƙwashe kamar lauje. Maigidansa, James Herrick, shi ya wallafa bayanin a 1910.

A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa matsalar tana cikin himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Da suka sa shi a wutar lantarki sai na mai sikila ya yi tafiya daban da na mai lafiya. Da irin wannan dabarar dai ake gwajin jinotayif a yawancin lab-lab ɗinmu har gobe. Daga nan, tsakanin 1956 da 1957, Vernon Ingram a Jami'ar Kambirij ya gano ainihin inda bambancin yake. Ka ɗauki wani sashe na himogulobin kamar carbi mai 'ya'ya 146. Ɗa na shida ne kawai aka musanya da wani. Wannan ɗan musanye shi ke sa idan jini ya sauke oksijin, himogulobin ɗin ya manne da juna ya zama kamar dogayen tsinkaye, ƙwayar jinin ta ƙage ta lanƙwashe. Sai ta riƙa toshe ƙananan hanyoyin jini, kuma maimakon ta yi kwana 120 kamar ta kowa, sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Daga nan ciwon ƙashi da ƙarancin jini suke tasowa.

Kusan shekara 70 ke nan da sanin wannan. Babu cutar gado da aka riga ta fahimta zuwa wannan mataki. Duk da haka, bisa ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ana haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara, fiye da kowace ƙasa, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a cikinmu AS ne. Sanin inda ɓaraka take bai ɗinke ta ba, saboda akwai sauran abubuwa da yawa a duhu.

Me ya sa SS ɗin wani ba irin ta wani ba ce?

Duk wanda ya san gidan da ke da masu sikila biyu ya san wannan. Uwa ɗaya uba ɗaya, takarda iri ɗaya, amma ɗaya kusan kowane wata yana gadon asibiti, ɗayan kuwa sai ya shekara bai kwanta ba. A Legas an yi Alhaja Asiata Onikoyi-Laguda, mai sikila da ta haura shekara 90 a duniya. A ƙasar nan kuma ake binne yara masu irin takardarta tun ba su cika shekara biyar ba.

An samu wani ɓangare na amsar. A 1948 wata likitar yara a birnin New York, Janet Watson, ta lura cewa jinin jarirai sabbin haihuwa ba ya lanƙwashewa sosai. Dalili shi ne jariri yana zuwa duniya da wani nau'in himogulobin na zaman ciki, wanda ba ya yarda ya shiga cikin waɗancan tsinkayen. Bayan haihuwa jiki yana rage yin sa a hankali, shi ya sa alamomin sikila ba sa fara bayyana sai wajen wata biyar zuwa shida. Wasu mutane jikinsu ba ya daina yin sa gaba ɗaya, kuma su ciwon ya fi zo musu da sauƙi. Haka abin yake ga masu sikila da yawa a gabashin Saudiyya da wasu sassan Indiya. Nau'in da ya fi yawa a Najeriya, wanda masana ke kira nau'in Benin, ba ya cikin masu wannan rangwame. A tsakanin 2007 da 2008 aka gano wata ƙwayar gado mai suna BCL11A, wadda ke aiki kamar makunnin da ke kashe himogulobin na zaman ciki. An kuma san cewa wanda ya gaji wani yanayin jini da ake kira alfa-talasimiya tare da sikila, wasu matsalolin suna raguwa a jikinsa.

Sai dai idan ka haɗa duk waɗannan, wani kaso kawai na bambancin suke bayyanawa. Har yau babu likitan da zai duba jariri mai SS ya ce ga yadda rayuwarsa za ta kasance. Nawa ne rabon sauran ƙwayoyin gado, nawa ne na abinci, da sauro, da sanyin hunturu, da nisan gida daga asibiti? Amsar tana buƙatar a bi dubban marasa lafiya shekara da shekaru ana rubutawa. Ga kuma wata matsalar: wani lissafi da aka yi a 2019 ya nuna kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken ƙwayoyin gado da su 'yan asalin Turai ne, 'yan asalin Afirka kuwa wajen kashi 2. Ciwon yana wurinmu, bayanan suna wurin wasu.

Ciwon da ba shi da ma'auni

Tambaya ta biyu ita ce tashin ciwon kansa. An san sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da zazzaɓi, da gajiya suna tayar da shi. Amma sau da yawa yana tashi ba tare da ko ɗaya ba, mutum ya kwanta lafiya lau ya farka cikin dare yana ihu. Bincike ya nuna toshewar hanyar jini ba aikin lanƙwasassun ƙwayoyi kaɗai ba ne. Fararen ƙwayoyin jini, da masu daskarar da jini, da bangon jijiyar kansa, duk suna yin danƙo su haɗu su cushe hanya. Wanne ke farawa, wanne ke biyo baya, nan ne masana ba su daidaita ba.

Ga shaida. Kamfanin Novartis ya ƙera wata allura mai suna Adakveo don hana wannan danƙon, Amurka ta amince da ita a 2019. Da aka yi babban gwaji daga baya sai aka ga ba ta rage tashin ciwon fiye da allurar da babu magani a cikinta ba, Tarayyar Turai ta janye izininta a 2023. A kan takarda dabarar ta yi daidai, a jikin mutane ta ƙi.

Wannan giɓi na ilimi yana da farashi, kuma mara lafiya ke biya. Maleriya tana da gwaji, ciwon suga yana da lamba, amma babu gwajin da zai nuna cewa mai sikila yana cikin azaba ko ya auna yawanta. Maganarsa ce kawai shaida. Shi ya sa za ka ga matashi yana murƙususu yana roƙon allura, wani ma'aikacin ya dube shi ya ce ɗan ƙwaya ne. Gaskiya ne akwai waɗanda allurar kashe ciwo ta zame musu jaraba, amma galibi sanadin shi ne an bar su suna yi wa kansu magani a kemis saboda ba su samu kulawa a asibiti ba. Haba jama'a, a haɗa wa mutum ciwo da zargi?

Sikila da sauro

Tambaya ta uku ta shafi kowa, har mai AA. A 1954 Anthony Allison, wanda ya tashi a Kenya, ya nuna cewa masu AS suna da kariya daga maleriya. Binciken baya-bayan nan ya nuna kariyar daga maleriya mai tsanani ta kai kusan kashi 90 cikin 100. Wannan ne dalilin da ya sa ƙwayar gadon ta yawaita a inda sauro ya yi yawa: yaro mai AS ya fi tsallake yarinta, ya girma ya haifi nasa. Yadda kariyar ke aiki kuwa, har yanzu bayanai ne iri-iri. Wasu masana sun nuna ƙwayar jinin da cutar ta shiga tana saurin lanƙwashewa sai saifa ta tace ta. Wasu sun nuna ƙwayar cutar ba ta girma sosai idan oksijin ya yi ƙasa. Wasu kuma sun nuna jinin AS da ya kamu ba ya mannewa a bangon jijiya kamar na AA. Duk wanda ya warware wannan ƙulli, mai yiwuwa ya buɗe wata sabuwar hanyar yaƙar maleriya. A kula dai: kariyar ba ta nufin mai AS ba ya kamuwa, kuma ga mai SS maleriya babban haɗari ce.

Sauron nan yana shiga har cikin maganar magani. A wani gwaji da aka wallafa a 2019, an ba yara kusan 600 maganin haidiroksiyuriya a Angola, da Kwango, da Kenya, da Yuganda. Fargabar da ake yi tun farko ita ce maganin zai raunana garkuwar jiki ya ƙara musu cututtuka. Sai aka ga akasin haka: bayan raguwar tashin ciwo da ƙarin jini da mace-mace, maleriya ma ta ragu da kusan rabi. Ana kan binciken dalili. A ɗaya gefen kuma ga Oxbryta, ƙwayar da Amurka ta amince da ita a 2019. A 2022 kamfanin Pfizer ya sayi kamfanin da ke yin ta a kan dala biliyan 5.4, amma a watan Satumba na 2024 ya janye ta daga kasuwannin duniya baki ɗaya, bayan an ga mace-mace sun fi yawa a cikin masu shan ta a wasu gwaje-gwaje. Hukumar magunguna ta Turai ta ambaci cututtuka irin su maleriya a cikin abubuwan da aka gani a wasu daga cikin mamatan. Darasin da na ɗauka shi ne, maganin da aka gwada a garin da babu sauro, ba a gama gwada mana shi ba tukuna.

An ce an samu waraka

E, an samu, amma a saurari sauran bayanin. Dashen ɓargo yana warkar da sikila, kuma an fara yin sa a Najeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin. Sai dai ya fi yin nasara idan an samu ɗan uwa shaƙiƙi da ɓargonsu ya dace, abin da yawancin marasa lafiya ba su da shi, ga tsada, ga haɗari. A ƙarshen 2023 kuma Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, magani na farko da aka yi da fasahar gyaran ƙwayoyin gado ta CRISPR. Ana ciro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mara lafiya, a lalata aikin makunnin nan na BCL11A, a mayar masa, sai jikinsa ya koma yin himogulobin na zaman ciki. A gwajin da hukumar Amurka ta duba, mutum 29 cikin 31 sun yi aƙalla shekara guda ba tare da tashin ciwo mai tsanani ba. Wallahi abin a jinjina ne, abin da Janet Watson ta lura da shi a 1948 ya zama magani bayan shekara 75.

Kuɗinsa dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Kafin a mayar da ƙwayoyin sai an kashe tsohon ɓargo da maganin kansa mai ƙarfi, wanda kan iya hana haihuwa, sannan a yi makonni a asibiti na musamman. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tambayar da ta rage mana ita ce, za a iya kunna wannan makunni da ƙwayar magani mai araha, ko da allura ɗaya ba tare da dashe ba? Ana kan neman duka biyun.

Kafin nan, abin da ke hannu shi ne haidiroksiyuriya, tsohon maganin kansar jini da Amurka ta amince a ba manya masu sikila a 1998, bayan gwajin da ya nuna yana rage tashin ciwo da kusan rabi. Yana ƙara himogulobin na zaman ciki, amma shi ma ba a gama gano duk hanyoyin da yake bi ba, ko dalilin da ya sa ya fi karɓar wani a kan wani. Ba maganin saye a kemis ba ne fa, sai da likita da gwajin jini a kai a kai.

Muna da namu labarin mai ɗaci. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja, ƙarƙashin Farfesa Charles Wambebe, ta samar da Niprisan daga haɗin wani mai maganin gargajiya, Rabaran Paul Ogunyale. Kayan haɗin sanannu ne: masoro, da kanumfari, da karan dafi, da itacen da Yarbawa ke kira osun. Ƙaramin gwajin da aka yi ya nuna alamar yana rage ciwo mai tsanani. An fara sayar da shi a 2006, kamfanin da aka ba lasisi ya durƙushe a 2008, kuma masu tantance bincike na duniya har yanzu abin da suke faɗa shi ne hujjar ta yi ƙaranci, a yi babban gwaji. An kai guga bakin rijiya aka saki igiya. Wannan giɓin ne masu lasifika a kasuwa da tasha suke cikewa, masu rantsuwar cewa kwalbarsu tana mayar da SS ta koma AA. Ƙarya ce tsagwaronta, babu jiƙon da ke canza ƙwayar gado.

Ina ruwan ɗan difloma?

Na san abin da wani zai ce: asibitocinmu ko jini da magani ba su wadata ba, ana maganar bincike. Wani kuma ya ce rigakafi ya fi magani, a hana AS auren AS kawai a huta. Na yarda da rigakafi. Amma ko yau aka daina irin wannan aure, miliyoyin da ke raye suna nan. Kuma bincike ba lallai sai da na'urar biliyoyi ba. Misali biyu sun isa.

A Jamaika, daga 1973 zuwa 1981, Graham Serjeant da ma'aikatansa sun gwada jarirai 100,000 a jere a wani asibitin haihuwa na birnin Kingston, suka ware masu sikila suka yi ta bin su shekara da shekaru. Daga rubuce-rubucen suka gane cewa kumburin saifa na farat ɗaya yana kashe yara da yawa. Sai suka koya wa iyaye mata yadda za su taɓa cikin yaro su ji girman saifa, su garzaya asibiti in ta ƙaru. Mace-macen wannan matsala suka ragu ƙwarai. Rajista ce da yatsun uwa suka yi wannan aiki.

Na biyu a gida ne. Kusan yaro ɗaya cikin goma masu SS yana samun shanyewar ɓarin jiki kafin ya kai shekara 20 idan ba a ɗauki mataki ba. A ƙasashe masu arziki ana gano masu haɗarin da na'urar da ke auna gudun jini a ƙwaƙwalwa, sai a riƙa yi musu ƙarin jini duk wata. Mu ina muka ga wannan jinin? Likitoci a Kano da Kaduna, ciki har da na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gwada haidiroksiyuriya a kan yara 220 masu wannan haɗari. Sakamakon da aka wallafa a 2022 ya nuna ƙaramin awo da matsakaici ba su bambanta ba wajen hana shanyewar, ko da yake masu matsakaicin awo sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Tambaya ce da babu mai buƙatar amsarta a Landan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Haka a Gwagwalada, Farfesa Obiageli Nnodu ta Jami'ar Abuja ta nuna za a iya gwada jarirai da ɗan tsinken gwaji mai sauƙi a wurin allurar rigakafi.

A kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan, bayan sunan farfesa akwai hannaye da yawa: mai ɗibar jini, mai lura da firij, mai shigar da bayanai a kwamfuta, mai gyara na'ura, mai bin iyaye har gida. Waɗannan kujerun masu difloma ne. Idan suka yi sakaci, binciken ya tashi a banza komai ilimin farfesan.

Ɗauki gwajin jinotayif kansa, tunda ni ɗan sashen fasahar lab ne. Kowa ya taɓa jin labarin wanda aka ce masa AA a wani wuri, AS a wani. Akwai dalilai sanannu. Mai SS da aka yi wa ƙarin jini kwanan nan zai iya fitowa kamar AS. Jariri ɗan ƙasa da wata shida himogulobin na zaman ciki yana rikita sakamakonsa. Wani nau'in da ake kira D yana tsayawa wuri ɗaya da S a gwajin lantarki na yau da kullum. Mai ɗauke da beta-talasimiya zai iya fitowa AA, alhali in ya auri AS za su iya haifar mai ciwon. Ƙara da tsohon ruwan sinadari, da ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji, da rashin jinin da aka tabbatar don kwatantawa. Aure da rayuwar 'ya'ya ne ake ɗorawa a kan wannan 'yar takarda. A wani lab da na yi aikin koyon sana'a, suna da sakamako kawai ake rubutawa a babban littafi, babu shekaru, babu gari, babu lambar waya. In ya cika a jefa shi saman kabad, gara ta ƙarasa aikin. Shekarun bayanai ke nan suna ruɓewa, a ƙasar da duniya ke kukan rashin bayananta.

Mu kuma a nan me muke yi da furojek ɗinmu? Kowa ya san gaskiya: a ɗauko na bara, a canza suna da shekara, a kai wa mai buga takardu. Alhali ga batutuwa a ƙofar gida. Ɗan lab zai iya kwatanta sakamakon gwajin lantarki da na tsinken gwaji. Ɗan Kimiyyar Kwamfuta zai iya gina rajistar da ke aiki ko babu intanet. Ɗan Ƙididdiga zai iya duba ko kwanciyar masu sikila tana ƙaruwa a watannin hunturu ko na damina a garinsa. Ɗan Lantarki ga firij ɗin ajiye jini mai buƙatar sola. 'Yar Aikin Jarida ga bayanin da iyaye mata ke buƙata da Hausa mai sauƙi, har da cewa kaso ɗaya cikin huɗun nan a kan kowane ciki yake, ba wai in an haifi huɗu ɗaya ne kaɗai zai kamu ba. Sharaɗi dai a yi da izinin hukumar asibiti, da yardar mara lafiya, da rufa masa asiri. Ciwon mutum ba kayan neman maki ba ne.

Kira ga ƙungiyarmu

Ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai abubuwa huɗu da ba su fi ƙarfinmu ba. Na ɗaya, a zauna da hukumar makaranta a samu rubutacciyar ƙa'ida cewa ɗalibin da ciwon sikila ya kwantar ranar jarrabawa, in ya kawo takardar likita, a sake masa ba tare da ya bi ofis-ofis yana roƙo ba. Na biyu, a shirya ba da gudummawar jini sau ɗaya kowane zangon karatu tare da asibiti mai ma'ajiyar jini, don jininka leda ɗaya na iya zama bambancin kwana da tashi ga wani. Na uku, duk gwajin jinotayif da za a shirya a harabar nan ya zo da mai ba da shawara, kuma a faɗa wa kowa ya sake tabbatarwa a wani amintaccen wuri kafin maganar aure. Na huɗu, ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, a gayyato likita tare da ɗalibai masu ciwon da suka yarda su yi magana, a ba su makirufo su ma.

Mu kuma sauran, mu gyara bakinmu. A daina cewa mai sikila ba ya kai shekara 20. A Amurka da Ingila fiye da kashi 90 cikin 100 na yaran da aka haifa da ita suna girma su zama manya, da gwajin jarirai, da fenisilin, da allurar rigakafi, da kulawa a kan lokaci. Jininsu da na yaranmu iri ɗaya ne. Tsawon kwana na Allah ne, amma Shi ya ce a nemi magani, nema kuwa ya haɗa da tambaya da gwaji da rubutawa.

Mu 'yan ajin ƙarshe saura 'yan watanni mu fita. Wasunmu za su samu aiki a lab, wasu a ofishin ajiye bayanan asibiti, wasu su buɗe nasu wurin. Duk inda ka samu kanka, ɗan uwa, ka cike rajistar nan yadda ya kamata, ka sake gwajin da ka yi shakka a kansa, ka tambayi mai kawo jini ko an yi masa ƙarin jini kwanan nan. Ƙannenmu 'yan ajin farko kuma, lokacin zaɓen furojek yana tafe, ga tambayoyi nan na baje muku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu gama lafiya.